Gamayyar Kiɗan Sin da na Turai a Ayyukan Marubutan Kiɗa na Zamani

1.0 Gabatarwa

Fiye da shekara ɗari ke nan masana kiɗa na ƙasar Sin suna fama da tambaya guda: mutumin da ya gaji kiɗa mai tarihin dubban shekaru, sa'an nan ya shiga makaranta ya koyi rubuta kiɗa irin na Turai, wane irin kiɗa ya kamata ya rubuta? In ya bi Turawa sau da ƙafa a ce ya zama ɗan amshin Shata, in ya tsaya a kan abin da ya gada a ce ya ƙi zamani, in kuwa ya haɗa biyun ba tare da lura ba a ce ya yi gamin gambiza. Tambayar ba ta jin daɗin kunne ba ce kurum, domin a kanta an kori malamai daga aiki, an hana kaɗa wasu kaɗe-kaɗe, an kuma sāke fasalin kayan kiɗan gargajiya har wasunsu suka rasa amonsu na asali.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan gamayya take aukuwa. Za a fara da nuna inda al'adun biyu suka sha bamban tun daga tushe, sa'an nan a bi tarihin haɗuwarsu a taƙaice, daga nan a fito da hanyoyi uku waɗanda marubutan kiɗa suke bi, a kuma duba muhawarar da ayyukansu suka haifar.

Akwai buƙatar a daidaita wasu kalmomi tun da wuri. “Marubucin kiɗa” shi ne wanda yake tsara kiɗa a takarda domin wasu su kaɗa, saɓanin makaɗin Hausa wanda shi ne mai ƙirƙira kuma shi ne mai aiwatarwa. “Rauji” shi ne hawa da saukar sauti a jere, watau abin da mutum yake iya maimaitawa da fito. “Zango” shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, kamar tazarar muryar namiji da ta mace idan suna rera rauji ɗaya. “Tsani” shi ne jerin matakan da aka raba zango a kansu. “Jituwa” kuma ita ce tayar da sautuka mabambanta a lokaci guda bisa ƙa'ida.

2.0 Inda Al'adun Biyu Suka Sha Bamban

2.1 Tsani

Ginshiƙin kiɗan Sin tsani ne mai matakai biyar, waɗanda ake kira gong, shang, jue, zhi da yu. Tsofaffin littattafai sun bayyana yadda ake samo su ta hanyar rage sulusi da ƙara sulusi. A lissafin da ke cikin littafin tarihi na Sima Qian, ana farawa da tsawon 81, a rage sulusi a sami 54, a ƙara sulusin wannan a sami 72, a rage a sami 48, a ƙara a sami 64. Waɗannan lambobi biyar su ne matakan nan biyar. In aka ci gaba da lissafin ana samun sautuka goma sha biyu, kuma Sinawa sun san su tun da daɗewa. Shaida a kan haka ita ce ƙararrawar tagulla 65 da aka tono a 1978 a lardin Hubei, daga kabarin wani basarake mai suna Yi na ƙasar Zeng wanda aka binne wajen shekara ta 433 kafin haihuwar Annabi Isa. Kusan kowace ƙararrawa tana ba da sauti biyu, gwargwadon inda aka buge ta.

Fiyano na Turai ya raba zango kashi goma sha biyu daidai wa daida. Abin mamaki shi ne, wani ɗan sarautar daular Ming mai suna Zhu Zaiyu ya riga ya fitar da lissafin wannan rabo a 1584, amma fada ba ta yi aiki da shi ba. Makaɗan Sin sun ci gaba da ɗaure tsirkiya da kunne, kuma a wasu yankuna, alal misali a waƙoƙin wasan kwaikwayo na lardin Shaanxi, akwai matakan da suke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Irin waɗannan matakai su ne suke fara ɓacewa duk sa'ad da aka ɗora raujin gargajiya a kan fiyano.

2.2 Jituwa

Kiɗan Turai na ƙarni na goma sha takwas da na sha tara an gina shi ne a kan jituwa. Gungun sautuka yana jawo wani gungu, ana nisa daga gida ana komowa, kuma wannan fita da komowa ita ce take riƙe da doguwar waƙa. Ƙungiyar makaɗan Sin ta gargajiya, kamar ta gidajen shayi na Shangai wadda ake kira “siliki da gora”, ba haka take aiki ba. Kowa rauji ɗaya yake bi, sai dai mai sarewa yana yi masa ado irin na sarewa, mai goge yana ja yana lanƙwasa, mai molo yana yayyafa masa bugu. In wani ya cika ado sai wani ya sassauta. Gwaninta a nan ita ce sanin inda za a ƙara da inda za a bari.

2.3 Sauti Guda

A rubutun kiɗa na Turai sauti ɗigo ne a kan layi, yana da matsayi da tsawo. A wajen mai kaɗa qin, watau wani kayan kiɗa mai tsirkiya bakwai da malaman Sin suka ɗauka abokin karatu da rubutun waƙa, sauti guda abu ne mai rai. Ana iya tayar da shi da tsirkiya a sake, ko a danne, ko a ɗan taɓa ta sama-sama, sa'an nan bayan ya tashi a ja yatsa a zame, a girgiza shi a hankali ko da sauri, har ya mutu a bar ƙarar yatsa kaɗai a kan tsirkiya. Rubutun qin na gargajiya yana nuna yatsan da za a sa da wurin da za a danna da irin motsin da za a yi, amma bai ƙayyade tsawon kowane sauti ba. Wannan sai a bakin malami.

2.4 Harshe

Sinanci harshe ne mai karin sauti. A Sinancin Bejin gaɓar “ma” tana nufin uwa in an faɗe ta a sama a miƙe, rama in tana hawa, doki in ta sauka ta sāke hawa, zagi kuma in ta faɗo. Manazarcin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan, tun da karin sauti ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Saboda haka mawaƙan wasan kwaikwayo na Sin, musamman na kunqu da na Bejin, suna da ƙa'idar cewa rauji ya bi kalma, kuma suna da suna na musamman ga aibin rera gaɓa ta yadda za ta juye ta zama wata kalma. Raujin Turai, wanda aka ƙera domin Italiyanci ko Jamusanci, bai san da wannan takunkumi ba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Haɗuwar

Kayan kiɗan Turai sun isa fadar Sin tun 1601, sa'ad da Matteo Ricci ya kai wa sarki kyautar wani ƙaramin kakan fiyano. Amma abin bai yaɗu sosai a cikin jama'a ba sai a farkon ƙarni na ashirin, lokacin da aka buɗe makarantun zamani aka sa waƙa cikin darussa. Malamai irin su Shen Xingong da Li Shutong sun ari raujin Japan da Turai da Amurka suka ɗora masa kalmomin Sinanci. Bayan yunƙurin ɗalibai na 4 ga Mayu 1919, ra'ayin cewa kiɗan Sin ya tsaya cik kuma sai an gyara shi da ilmin Turai ya yi ƙarfi a tsakanin 'yan boko. A 1927 Xiao Youmei, wanda ya yi digirin digirgir a Jamus, ya kafa makarantar koyon kiɗa ta ƙasa a Shangai tare da goyon bayan Cai Yuanpei.

Mutane uku na wannan zamani sun cancanci ambato. Liu Tianhua, wanda ya rasu a 1932, ya ɗauki erhu, gogen Sin mai tsirkiya biyu, ya rubuta masa kaɗe-kaɗe goma da darussa bisa tsarin koyar da gogen Turawa, ya fitar da shi daga hannun mabarata da 'yan rakiyar mawaƙa ya kai shi jami'a. Zhao Yuanren, masanin harsuna wanda ya ƙirƙiro hanyar nuna karin sauti da matakai biyar, marubucin waƙoƙi ne kuma, ya yi ta neman yadda rauji mai rakiyar fiyano zai mutunta karin sautin kalma. He Luting kuwa ya ci gasar da Alexander Tcherepnin, wani marubucin kiɗa ɗan asalin Rasha, ya shirya a Shangai a 1934 domin kiɗan fiyano mai ɗanɗanon Sin. Kiɗan nasa, wanda ya sa wa suna Sarewar Yaro Makiyayi, muryoyi biyu ne masu bin juna irin na Bach, amma dukkansu a kan tsani mai matakai biyar.

Yaƙi da Japan ya ba gamayyar aikin siyasa. Xian Xinghai, wanda ya yi karatu a Faris a wajen Paul Dukas, ya rubuta Waƙar Rawayen Kogi a Yan'an a 1939 domin taron mawaƙa. Bayan kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, gwamnati ta rungumi manufar sa abin waje ya yi wa Sin hidima. Aka kafa manyan ƙungiyoyin kayan gargajiya bisa fasalin okestirar Turai, da sashen masu gogawa da na masu tsinkar tsirkiya da na masu busa da na masu bugu. Domin haka ta yiwu sai da aka sāke wa kayan halitta: aka maye gurbin tsirkiyar siliki da ta ƙarfe, aka ƙara wa pipa matakala har ta iya fitar da sautuka goma sha biyu na fiyano, aka ƙara wa sheng bututu da maɓallai, aka kuma shigo da celo da babban goge domin muryar ƙasa.

Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 ya rufe makarantun kiɗa. An tsangwami He Luting, wanda tun 1963 ya ja da masu sukar Debussy, wasu malamai da makaɗa kuma sun rasa rayukansu. Duk da haka fiyano bai mutu ba, domin a 1970 aka fara kaɗa Kanceton Rawayen Kogi wanda Yin Chengzong da abokansa suka tsara daga aikin Xian Xinghai, da salo irin na Liszt da Rachmaninoff, aka cusa masa raujin yabon Mao a ƙarshe.

Da aka sāke buɗe Babbar Makarantar Kiɗa ta Bejin, ajin da ya shiga a 1978 ya ƙunshi Tan Dun da Chen Yi da Zhou Long da Chen Qigang da Guo Wenjing da Qu Xiaosong da Ye Xiaogang. A shekarar ce kuma Bright Sheng ya shiga ta Shangai. Abin lura game da waɗannan shi ne, da yawansu an tura su karkara suna matasa. Tan Dun ya shuka shinkafa a Hunan kafin ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, Chen Yi ta yi aikin gona sa'an nan ta shekara takwas tana jan ragamar masu goge a ƙungiyar wasan Bejin ta Guangzhou, Zhou Long ya tuƙa tarakta a arewa maso gabas, Bright Sheng ya shekara bakwai a Qinghai. Horon da aka yi nufin ya raba su da kiɗan Turai shi ya haɗa su da kiɗan ƙauye, irin wanda malamansu na birni ba su sani ba. Da ƙofa ta buɗe, suka ji Bartók da Schoenberg da waɗanda suka biyo bayansu kusan a lokaci ɗaya.

4.0 Hanyoyi Uku na Gamayya

4.1 Aron Rauji

Hanya ta farko, wadda ta fi daɗewa kuma ta fi farin jini, ita ce a ɗauko raujin Sin a ɗora shi a kan jituwa da fasali na Turai. Babban misali shi ne kanceton goge mai suna Liang Zhu, wanda He Zhanhao da Chen Gang suka rubuta suna ɗalibai a Shangai, Yu Lina ta fara kaɗa shi a watan Mayu 1959. Labarin na masoya biyu ne, Liang Shanbo da Zhu Yingtai, waɗanda aka raba, suka mutu, suka tashi a siffar malam-buɗe-littafi. Raujin daga wasan Yue na lardin Zhejiang aka samo shi, mai goge yana zame yatsa irin na mai erhu, a wurin makoki kuma ana jin ƙwanƙwasar katako irin ta dandalin wasa. Amma ƙashin bayan aikin na Turai ne: gabatar da jigo, da faɗaɗa shi, da komowa gare shi.

Ribar wannan hanya a fili take, domin talaka yana gane raujinsa, kuma har yau Liang Zhu yana cikin kaɗe-kaɗen okestira da Sinawa suka fi so. Hasararta ita ce jituwar Turai tana tilasta wa rauji alkibla. Tsani mai matakai biyar ba shi da matakin nan mai jan kunne zuwa gida wanda jituwar Turai ta dogara da shi, saboda haka mai rakiya yakan shigo da shi ta ƙasa, sai rauji ya zama baƙo a gidansa.

4.2 Aron Kayan Kiɗa

Hanya ta biyu ita ce a zaunar da kayan Sin da na Turai a dandali ɗaya, kowanne da amonsa. A Wasan Fatalwa na 1994, Tan Dun ya haɗa pipa ta Wu Man da masu goge huɗu na ƙungiyar Kronos, ya ƙara da ruwa da duwatsu da takarda da ƙarfe, ya kuma sa wani raujin Bach ya yi kiciɓis da wata waƙar gargajiya ta arewacin Sin. Shigo da ruwa da dutse yana da tushe biyu: bukukuwan matsafa na Hunan da ya gani yana yaro, da kuma gwaje-gwajen John Cage da ya tarar a Amurka bayan ya isa can a 1986. Akwai ma alaƙa da tsohon rabon Sinawa na kayan kiɗa gida takwas bisa abin da aka yi su da shi, watau ƙarfe, dutse, siliki, gora, duma, yumɓu, fata da itace. A kiɗan da ya rubuta domin bikin mayar da Hongkon ga Sin a 1997, ya haɗa kwafin ƙararrawar nan ta Hubei da celon Yo-Yo Ma da muryoyin yara.

Chen Qigang, wanda ya zama ɗalibin Olivier Messiaen na ƙarshe a Faris daga 1984 zuwa 1988, ya bi wannan hanya da taushi. A aikinsa Iris dévoilée na 2001 ya sa muryar mace mai waƙar wasan Bejin kusa da muryoyin mata masu horon Turai, tare da erhu da pipa da zheng da cikakkiyar okestira, ta yadda mai sauraro zai ji bambancin inda kowace murya take fitowa.

Matsalolin wannan hanya na aiki ne. Qin ba ya jiyuwa a gaban makaɗa tamanin sai da na'urar ƙara sauti. Makaɗin da ya saba da sassauta lokaci yadda ya ga dama dole ya bi sandar mai ba da umarni. Ɗaurin tsirkiya ma sai ɗaya ya bi ɗaya, kuma galibi na Sin ne yake bi.

4.3 Aron Tunani

Hanya ta uku ta fi wuyar ganewa da kunne, domin mai yiwuwa ne babu raujin gargajiya ko kayan Sin ko ɗaya a cikinta. Abin da ake ɗaukowa shi ne yadda al'adar take tunani game da sauti da lokaci. Jagoran wannan hanya shi ne Chou Wen-chung, wanda aka haifa a 1923, ya koma Amurka a 1946, ya yi karatu a wajen Edgard Varèse, ya koyar a Jami'ar Kolombiya, ya rasu a 2019. A aikinsa Yü Ko na 1965 ya ɗauki wani tsohon kiɗan qin ya raba shi ga makaɗa tara masu kayan Turai zalla, ta yadda wani zai tayar da sauti, wani ya zame da shi, wani ya girgiza wutsiyarsa. Watau abin da yatsun mutum ɗaya suke yi wa sauti guda shi aka rarraba wa ƙungiya. Chou ne kuma ya jawo Tan Dun da Chen Yi da Zhou Long zuwa Kolombiya, Bright Sheng ma ya yi karatu a wajensa.

Chen Yi ta bi ta ɓangaren lissafi da harshe. Kiɗanta na fiyano Duo Ye na 1984 ya samo asali daga rawar mutanen Dong ta lardin Guangxi, inda jagora yake yanka waƙa jama'a suna amshi a da'ira, kuma wannan ba-ni-in-ba-ka tsakanin jagora da 'yan amshi shi ne ginin aikin. A wani kiɗan, Ba Ban, ta yi aiki da wani tsohon ma'auni mai bugu 68, watau jimla takwas masu bugu takwas-takwas da ƙarin huɗu. Shi kuwa Luo Zhongrong, a wata waƙa da aka buga a 1980, ya ɗauki tsarin Schoenberg na jera sautuka goma sha biyu, amma ya jera su ta yadda kunne zai riƙa jin gungu-gungu na matakai biyar, ya kuma sa rauji ya bi karin sautin tsohuwar waƙar da ya ɗora a kai. Guo Wenjing, wanda ya zauna a gida yana koyarwa a Bejin, ya gina operarsa ta 1994 a kan labarin Lu Xun na mahaukaci, da Sinanci, da murya mai kaifi irin ta dandalin wasan Sin.

Ya kamata a lura cewa hanyoyin nan uku ba matakan ci gaba ba ne da ake hawa ɗaya bayan ɗaya. Marubuci ɗaya yakan bi dukkansu, wani lokaci a cikin aiki ɗaya.

5.0 Muhawara

Waɗannan marubuta sun sami karɓuwa ƙwarai a waje. Tan Dun ya sami kyautar Oska a 2001 saboda kiɗan fim ɗin Ang Lee mai suna Crouching Tiger, Hidden Dragon, Zhou Long ya sami kyautar Pulitzer a 2011 saboda operarsa ta Farar Macijiya, Chen Qigang kuma shi ya shugabanci kiɗan bikin buɗe wasannin Olimfik na Bejin a 2008. Amma suka ta zo musu daga fuska biyu.

A gida, tun 1983 aka taɓa dakatar da kaɗa ayyukan Tan Dun lokacin yaƙi da abin da hukuma ta kira gurɓatar ruhi. A 2001 kuma, a wani shirin talabijin na Bejin, Bian Zushan, wani dattijon mai ba da umarni ga okestira, ya soki kiɗansa na ruwa, har Tan Dun ya tashi ya fita. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce kiɗan da ba shi da raujin da jama'a za su riƙe bai cika kiɗa ba, kuma abin da ake kira sabon kiɗan Sin salon Turai ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka yafa wa mayafi.

A waje kuwa zargin shi ne na kasuwa: cewa gidajen kiɗa na Turai da Amurka suna biyan marubuci Basine ne domin ya kawo musu abin da suke tsammani Sin ce, shi kuma sai ya riƙa kawo fatalwa da ƙararrawa da sarakunan da. Operar Tan Dun ta Sarki na Farko, wadda aka nuna a Niyu Yok a 2006 da Plácido Domingo a matsayin sarki, ta sha irin wannan suka. Da Ingilishi aka rera mafi yawanta, haka ma Farar Macijiya. Wannan zaɓi ya sauke wa marubutan nauyin bin karin sauti, amma ya raba su da wani babban tushen raujin Sin, watau kalmar kanta.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai dukkansu sun ɗauka akwai wani tsantsar kiɗan Sin da za a auna da shi. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Pipa ta hanyar Asiya ta Tsakiya ta shigo Sin, sunan dangin erhu yana nuna asalinsu daga mutanen arewa da yamma, suona kuwa daga surna ta Farisa ta fito, 'yar'uwa ce ga algaitar fadar sarakunan Hausa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambaya, a cikin kowane aiki, wace al'ada ce take yanke hukunci a kan ɗaurin tsirkiya da tafiyar lokaci da fasalin aikin gaba ɗaya, wace ce kuma aka gayyato ta yi ado kurum.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa kiɗan Sin da na Turai sun bambanta a tsani da jituwa da matsayin sauti guda da dangantakar rauji da harshe, kuma marubutan kiɗa sun bi ta aron rauji ko na kayan kiɗa ko na tunani domin su haɗa su. An nuna kuma cewa kowace hanya tana da abin da take sarayarwa. Gyaran kayan kiɗa na shekarun 1950 ya ƙara musu ƙarfi da faɗi, ya kuma rage musu wasu sautuka da wani amo. A 2001 da 2003 kuma Hukumar UNESCO ta sa kunqu da qin cikin gadon ɗan Adam da ya wajaba a kiyaye.

Wannan batu yana da amfani ga manazarcin Hausa ta fuska biyu. Ta farko, Hausa ma harshe ne mai karin sauti, kuma tambayar da Zhao Yuanren ya yi game da rauji da kalma tana nan a kan waƙoƙin da ake ɗorawa a kan kiɗan fiyano a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Kaduna. Ta biyu, duk wanda ya yi niyyar rubuta kiɗan goge ko gurmi ko kalangu da alamomin Turai zai gamu da abin da mai qin ya gamu da shi, watau layukan takarda suna kama matsayin sauti su saki zamiya da girgiza da jan da suke tsakanin sauti da sauti, alhali a nan ne ake gane hannun gwani. Sinawa sun yi sa'a suna da tsohon rubutunsu na qin da ya adana motsin yatsa. Kiɗan Hausa a ƙwaƙwalwar makaɗa da faya-fayan gidajen rediyo yake, saboda haka aikin siffanta shi da kalmomin masu shi, kafin a auna shi da ma'aunin wasu, yana jiran ɗaliban harshe da na adabi.